Makarantar kuɗi ta unguwa ko firamaren gwamnati, ina ɗan shekara 5 zai fi sakewa?

Duk shekara in Satumba ta ƙarato maganar kenan a gidan suna da guruf ɗin WhatsApp na dangi, wance za ta sa yaro a makaranta ina za a kai shi, kuma kusan kullum tambayar da ake yi ita ce a wace makaranta yara suka fi saurin jin Turanci. Ni dai da za a bi ta tawa da tambayar farko ta zama a wace makaranta ce yaron nan zai yarda a sa masa yunifom da safe ba tare da ya riƙe ƙafar gado yana ihu ba, ban da kukan satin farko da na biyu wanda kowane yaro sai ya yi nasa. Don yaron da ke tsoron aji ba ya ɗaukar karatu ko daga Ingila aka ɗauko masa malami, idonsa na kan hannun malama ne ba kan allo ba.

Bari in faɗi makarantun da nake nufi tun yanzu kar mu yi gardama a banza. Ba manyan makarantun nan na miliyoyi masu esi da motar ɗaukar yara ba, mai halin wannan ba ya buƙatar shawarata. Ina nufin makarantar kuɗi ta cikin unguwa, irin wadda aka kama hayar gida mai ɗaki shida aka shafa masa fenti aka zana tuffa da jirgin sama a bango aka rataya allo a ƙofa, da kuma firamaren gwamnati ta ƙaramar hukuma wadda yanzu da yawansu suna da rabin aji na shekara ɗaya kafin a shiga aji ɗaya. Na koyar a irin ta farkon, na yi koyarwar gwaji a ta biyun lokacin muna kwalejin ilimi, kuma 'ya'yana da na 'yan uwa sun ratsa duka biyun, to abun da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Abu na farko da ido ke gani cunkoso ne, kuma a nan gwamnati ba ta da bakin magana. A rubuce tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35 a firamare, 25 a rabin aji, amma duk wanda ya taɓa leƙa aji ɗaya a unguwannin da suka cika a Kano ko Kaduna ya san ana zuba yara ɗari har da ɗoriya a ɗaki guda kamar an cusa kaji a akurki, wasu a benci wasu a ƙasa wasu a kan taga. Gwamnan Kano da kansa da ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024, zaman yara a ƙasa na cikin abubuwan da ya lissafa. Illar wannan ga ƙaramin yaro ba ciwon baya ba ce kawai, illar ita ce malama ba ta san sunansa ba, kai na bayan can, ke mai baƙin hijabi, haka za a yi zango guda. Yaro mai baki da kuzari zai kutsa ya kama gaba, mai kunya kuwa zai lafe a lungu ya zo ya koma ba wanda ya san ya zo. Ga kuma haɗa shekaru, saboda ana kawo wasu makaranta a makare sai ki samu ɗan shekara 9 a aji ɗaya tare da ɗanki ɗan shekara 6, kin san kuwa a hannun wa fensiri da kuɗin tara za su ƙare.

A ta kuɗi yawanci yaran ba su kai haka ba, anti ta san sunan kowa, ta san wanda bai karya ba, in jikin yaro ya yi zafi za ta lura ta kira waya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne kuma shi ne babban abun da kuɗinki ke saya. Sai dai ki dubi ɗakin. Ɗakin kwana ne aka maida aji, taga ɗaya, a watan Maris da Afrilu yara na ɗigar da gumi ba wuta ba fanka, kuma ba filin wasa sai ɗan tsakar gida na siminti, in an fita tara ma wasu ajujuwan ba sa fita, a ci abinci a zaune a ce kowa ya ɗora kai a kan tebur. Ta gwamnati duk lalacewarta tana da fili, tana da darbejiya, ajin dogo ne mai tagogi ta ko'ina, in aka kaɗa ƙararrawar tara za ki ga langa da 'yar gala-gala da carafke da ƙwallon leda, kuma a wajen ɗan shekara 5 wannan rabin awar ita ce makarantar, a nan yake yin abokai. In ta kuɗin bene ce kuma ki ƙara buɗe ido ki dubi bango da matakala, ba mu manta makarantar kuɗin da ta rufta kan ɗalibai a Jos a Yulin 2024 ba, mutum 22 suka rasu.

Sai harshe, kuma a nan zan daɗe don shi iyaye suka fi rainawa alhali shi ya fi taɓa zuciyar yaro. Yarinya 'yar shekara 4 tunda aka haife ta ba ta san wani yare ba sai Hausa, da ita take roƙon ruwa da ita take kai ƙara da ita take ba kakarta labari, rana ɗaya a ajiye ta a ɗakin da aka ce duk wanda ya yi Hausa ya yi banakula za a rubuta sunansa. Yawancin makarantun kuɗi da wannan suke talla kuma mu iyaye mu muke nema, uba na so ya dawo daga kasuwa yarinya ta tare shi da gud ibinin dadi ya ji kuɗinsa bai tafi a banza ba, abun da ba ya gani shi ne awa biyar ɗin da ta yi bakinta a kulle. Akwai wata yarinya a ajin da ke jikin nawa, shiru-shiru, kusan kullum kafin a tashi sai an samu ta jiƙa kayanta, antinsu na ta faɗa wai ba a koya mata fo a gida ba, uwar kuma tana rantsuwa ita ko da daddare ba ta yi. Da aka ja ta gefe aka tambaye ta a hankali da Hausa sai ta ce ai anti ta ce sai an ɗaga hannu an faɗa da Turanci, ita kuma maganar ta yi mata tsawo, in ta fara sai ta manta ƙarshen yara su kwashe da dariya, shi ya sa take matsewa har ya ƙwace mata. Shi kenan fa, ba sanyi ba aljanu, kuma an kusa kai ta wajen mai magani.

A ta gwamnati wannan matsalar kusan babu ita, don malama da Hausa take magana ko doka ta ce ko ba ta ce ba, darasin Turancin ma da Hausa take fassara shi. Yaro zai iya cewa malama wane ya dake ni, malama cikina na ciwo, malama ban gane ba. Kuma ba wai lalaci ne ya kawo haka ba kamar yanda ake ɗauka, tun 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya ce a fara koyar da yara da harshen gida ko na garin da suke kafin a koma Turanci, a ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ƙara ta ce har shekara shidan firamare, sai a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ce an soke an koma Turanci tun daga farko. Su can suna ta juya takarda, amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci duk firamare Turanci kuma a matsayin darasi, bai nuna yaran sun zama koma baya a Turanci ba, sun ma fi takwarorinsu taɓuka abu. A nan Arewa ma shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato a kan wannan aka gina shi, yaro ya fara haɗa baƙi da Hausa sannan ya tsallaka. Gaskiya ne da yawan 'yan ta gwamnati suna kai aji huɗu ba su iya karanta Hausar ba balle Turancin, amma ni ban ɗora laifin a kan Hausa ba, na ɗora shi a kan yara ɗari da malama ɗaya da littafi babu.

Kar a manta kuma ba kowane yaro ba ne Hausa ce ta gidansu. Ɗan Fulanin da aka kawo daga ruga, ɗan Barebarin da rikici ya koro iyayensa, ɗan Ibo ko Bayerabe a Sabon Gari, shi a ajin Hausa zalla halin da yarinyar can ta shiga shi zai shiga, har da tsokana a kai. Bambancin kawai shi yana jin Hausar a layi da kasuwa da wajen wasa to ba ya daɗewa bai kama ba, Turanci kuwa daga an tashi makaranta sai gobe.

Bulala kuma kar wanda ya yaudare ki, tana ko'ina, salonta ne ya bambanta. A ta gwamnati a fili take, 'yan makara a bakin get, tsallen kwaɗo, kamun kunne, durƙuso a rana. Wanda ya fi ci min rai ma ba dukan malami ba ne, dukan monita ne, malama za ta fita ƙarƙashin bishiya ta miƙa wa yaro ɗan shekara 8 tsumagiya ta ce ya tsare mata aji, shi kuma yana da abokai yana da abokan gaba, wanda ya hana shi awara jiya yau zai biya. A ta kuɗi da yawa za su ce miki mu ba ma duka, kuma ba za ki ga dorina a rataye ba, amma akwai rula a bayan yatsu, akwai ranƙwashi, akwai mintsini a inda ba ya nuna shaida, akwai tsawa, akwai a tsayar da yaro gaban allo a sa 'yan aji su tafa masa suna shem-shem don bai iya rubuta 8 ba. Ni a wajena wannan na ƙarshen ya fi bulala biyu zafi, shatar bulala na ɓacewa kafin jibi, yaron da aka yi wa dariya kuwa ba zai sake ɗaga hannu ba har ƙarshen shekara.

Doka ba za ta tsare miki yaro a nan ba. Sashe na 55 na kundin dokar laifuka na Final Kod da ake aiki da shi a Arewa ya bar wa malami ƙofar ladabtarwa in dai bai kai ga mummunan rauni ba, Legas ce ta fito ta haramta duka a makarantunta, mu nan ya rage ga halin shugaban makaranta. Masu kawo hujjar addini kuma ina so su tuna hadisin da suke jawowa, salla ce fa, ginshiƙin addini, aka ce a umarci yaro yana shekara 7, maganar duka ba ta zo ba sai a 10, to ina hujjar zane ɗan shekara 4 a kan ABCD? Anas ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10 yana yaro, ya ce ko uf bai taɓa ce masa ba. Inda ta kuɗi ta fi a nan shi ne ƙararki na da nauyi, ke kwastoma ce, in kika ɗaga murya mai makaranta zai kira anti a gabanki, wani lokacin ma har a zalunci antin. A ta gwamnati sai kin bi ta hedimasta, in bai ji ba kwamitin SBMC na iyaye da masu unguwa, in ya ƙi sai ofishin sakataren ilimi, hanya ce doguwa amma tana aiki in ku iyaye kun haɗa kai kun je tare, mutum ɗaya ne ake rainawa.

Yanzu maganar kuɗi, ba ta fuskar aljihun uba ba, ta fuskar yanda yaro ke ji. Wanda bai taɓa ganin ranar korar kuɗin makaranta ba bai san wulaƙanci ba. Ana tsakiyar darasi mai karɓar kuɗi zai shigo da doguwar takarda ya fara kiran suna, duk wanda aka kira ya ɗau jakarsa ya fita, sauran na kallo, wasu na dariya, a tara su a bakin get ko a wani ɗaki har a tashi, yaro ɗan shekara 5 bai san menene zango ba bai san menene albashi ba, abun da ya sani kawai an kira sunansa an fitar da shi kuma ba a fitar da abokinsa ba. Na ga yaron da in ya hango mutumin nan ta taga tun kafin ya shigo sai ya fara tattara littattafansa. Don Allah duk wanda ya san biyan nan zai riƙa yi masa wuya kowane zango kar ya fara, gara ta gwamnati da mutunci. Kuma ba kuɗin zango kaɗai ba ne, akwai littattafan da dole a wajensu za a saya, kayan wasanni, kayan Juma'a, kuɗin fati, bikin yaye 'yan nazare da riga da hula kamar sun gama jami'a, ga gasar kwandon abinci, wannan indomi da ƙwai da lemon kwali wancan ɗumamen tuwo a ƙullin leda yana ɓoyewa a ƙarƙashin tebur. Makarantar kirki tana kashe wannan gasar, ta hana zuwa da kek na zagayowar haihuwa ko ta ce a raba wa kowa, ta kira uba a waya kan bashi ba ta taɓa yaro ba, ki tambaya kafin ki biya kuɗin fom.

A ta gwamnati dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce kyauta ne kuma dole, Kano ma ta sake shelanta haka a 2019, duk da ba a rasa 'yan kuɗin tsintsiya da alli da jarrabawa. Amma galibi kowa kusan ɗaya ne, silifas da jakar buhu ba abin kunya ba ne, naira kaɗan ta tara ta ishe shi gurasa ko awara a wajen masu talla. Abincin gwamnatin tarayya da aka fara a 2016 ga 'yan aji ɗaya zuwa uku ya jawo yara sosai lokacin da ake yi, amma an dakatar da shi a farkon 2024, kar ki sa shi a lissafi.

Banɗaki da ruwa, ki je da ƙafarki ki gani, kar ki tambaya a ofis. Ta gwamnati da yawa ko dai babu, ko akwai an kulle na malamai ne, ko masai ne mai faɗin bakin da ƙaramin yaro ke tsoron faɗawa, sai bayan aji, kuma yarinya mace ta fi shan wahalar wannan. Ta kuɗi yawanci akwai kuma akwai nani mai kai ƙanana tana wanke musu, nan kam sun yi gaba, sai dai ki duba ko ɗaya ne tal ga makaranta gaba ɗaya, ko akwai ruwa a buta, kuma su waye ke shiga tare da su waye.

Malamai. A takarda ta gwamnati ta fi, mafi ƙarancin shaidar koyarwa NCE ce kuma yawancinsu suna da ita, duk da takarda ba ita ce komai ba, a 2017 Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. Abun da na fi so a wajensu shi ne zama, za ki samu dattijuwar malama ta shekara ashirin tana riƙe da aji ɗaya, ta koyar da yayyen yaron wataƙila har da babansa, ta san yanda ake rarrashin mai kuka da waƙa da tafi ba tare da ta karanta a littafi ba. In kika dace da irin wannan ko yara tamanin ne a ajin ɗanki zai so makaranta. In ba ki dace ba za ki samu wadda sai ƙarfe tara take zuwa ta rubuta abu a allo ta fita, ga yajin aiki, malaman firamaren Abuja sun yi sama da wata uku a gida a 2025. A ta kuɗi anti ba ta isa ta makara ba mai makaranta na bakin get, amma da yawansu 'yan gama sakandare ne masu jiran gurbin karatu ko aure, albashinsu bai kama ƙafar naira 70,000 da aka yanka a 2024 a matsayin mafi ƙaranci ba, wani watan ma sai an biya kuɗin makaranta a biya su. To ba sa zama. Yaro ya saba da anti, ya fara sakin jiki yana ba ta labarin akuyarsu, a dawo hutu a ga sabuwar fuska, a shekara ɗaya a yi masa anti uku. Ƙaramin yaro mutum yake sabawa da shi ba gini ba, saboda haka tambayar shekara nawa malamar ajin nan ta yi a nan ta fi tambayar kwamfuta nawa gare ku amfani nesa ba kusa ba.

Tsaro a bakin ƙofa ta kuɗi ta fi, akwai katanga akwai maigadi, ba a sakin yaro sai wanda aka sani ya zo. Ta gwamnati da yawa ba katanga, masu babur na ratsawa, awaki na shiga, yaro zai iya sulalewa bayan tara ba wanda ya lura, shi ya sa in za ki kai ɗan rabin aji can sai in akwai yaya ko ɗan maƙota babba da za su je tare su dawo tare. Amma katanga ba ta tsare na ciki, duk mun san abun da ya faru a Kano a ƙarshen 2021 ya fito fili a farkon 2022, yarinya 'yar shekara 5 da mai makarantarsu da kansa ya sace ya kashe, har gwamnati ta janye lasisin makarantun kuɗi ta ce a sake tantancewa. Ki san waye mai makarantar, ɗan ina ne, masu unguwa sun san shi, makarantar na da rajista, kuma ki koya wa yaro ba ya bin kowa ko ankul ne sai wanda kika ce. Nisa ma tsaro ne, makarantar da za a cusa yara goma a adaidaita sahu a tsallaka titi uku da su, da wadda ke bayan layi, ni ta bayan layi zan ɗauka ko ta ɗan gaza.

Sai yaron da ba kamar sauran ba, wanda shi ne ma aka fi bari a baya. Mai in'ina, bahago, zabiya, mai sikila, mai ƙarancin ji, wanda ƙafarsa ta shanye, wanda bai yi magana da wuri ba. Ta kuɗi za ta iya ce miki ba mu da gurbi, ko ta karɓa don kuɗin ta ajiye shi a baya, amma in kika samu mai makaranta mai tausayi ƙarancin yaran na ba da damar a kula da shi da gaske. Ta gwamnati ba ta da ikon ƙin karɓa, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 na bayanki, sai dai karɓa daban kulawa daban. Ko ina kika zaɓa ki je ki zauna da malamar ajin ki faɗa mata dalla-dalla. Mai sikila ba a hana shi shan ruwa, ba a hana shi fita fitsari don su suna yawan yi, ba a zaunar da shi a siminti da hunturu, ba tsallen kwaɗo, kuma a nan zaman ƙasa na ta gwamnati matsala ce ta gaske. Zabiya idonsa ba ya gani daga nesa, layin gaba zai zauna kuma ba a tsayar da shi a rana. Bahago a bar shi ya yi rubutu da hagunsa, cin abinci da dama a koya masa a hankali amma rubutu ba laifi ba ne, na ga yaran da aka doke hannunsu har suka tsani fensiri. Wanda ba ya ji kwata-kwata ko ba ya gani kuwa makarantar musamman irin ta Tudun Maliki a Kano ta fi masa duka biyun nan, can zai samu yara irinsa, ba zai zama shi kaɗai a cikin mutum ɗari ba.

Abu ɗaya kuma da ta kuɗi ke yi wanda iyaye ke yabawa ni nake kuka da shi, lodin karatu. Ɗan shekara 3 da aikin gida shafi biyu, a tashi ƙarfe biyu a ce akwai lesin zuwa huɗu, ya dawo ya sa kayan Islamiyya, bayan magariba a zauna aikin gida yana gyangyaɗi uwa na tsawa ƙarshe ita ke riƙe hannunsa ta rubuta. Likitoci na cewa ɗan shekara 3 zuwa 5 na buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya, ki lissafa da kanki ki gani ko yana samu. Ga na ɗaya na biyu na ƙarshe a katin sakamako tun daga nazare, a kira na ɗaya a asambuli a ba shi kofi, na ashirin da biyar ya dawo gida a ce masa daƙiƙi. Ta gwamnati tana tashi da wuri, yaro ya ci abinci ya yi barci ya je Islamiyya da ƙarfinsa, kuma in akwai mai zama da shi rabin awa da yamma yana haɗa masa baƙi, an toshe babban giɓin.

To wa zai je ina? In yaronki mai kunya ne, ko ƙarami ne sosai bai kai 5 ba, ko yana da lalura irin sikila, kuma kuɗin ba zai riƙa sa a kore shi ba, ki nemi ta kuɗi, amma wadda ke barin yara su yi Hausa a nazare kuma malamar ajin ta daɗe a wajen, ko ginin bai kai na maƙotanta kyau ba. In yaron mai baki ne mai shiga mutane, ya kai 6, yana da yayye a can, makarantar na kusa kuma ajin bai wuce hankali ba, ta gwamnati ba za ta cuce shi ba, kuɗin da za a kai can a saya masa littattafai a biya mai lesin na yamma. In kuma biyan kuɗi sai da bashi ne to babu ma zaɓi, ta gwamnati, uba ya shiga SBMC a riƙa ganin fuskarsa, malamai na sanin ɗan wanda ake zuwa dubawa. Akwai kuma makarantun al'umma da Islamiyyu masu haɗa boko da suke tsakiya, kuɗi kaɗan Hausa ba laifi ba ce, sai dai wasunsu hannunsu na da saurin kai wa bulala, da ma'aunin nan ɗaya za a auna su.

Kafin ki yanke ki je ba tare da kin sanar ba, lokacin tara ya fi, ki tsaya gefe. Ki ga in malama ta ratsa yara rugowa suke suna riƙe mata hijabi ko darewa suke. Ki ga in ta ɗaga hannu za ta gyara mayafi akwai yaron da ke kare kansa. Ki saurari ajin ƙanana, in kika ji tsit kamar ba mutane wannan ba tarbiyya ba ce. Bayan an sa shi kuma kar ki tambaye shi me aka koya muku, ki tambaye shi da wa ka yi wasa, wa ya yi kuka yau, me anti ta yi da ya yi kukan, a nan labari ke fitowa. In an wuce wata guda har yanzu ciwon ciki kowace safiya amma ban da Asabar, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina, ko yaro mai surutu ya koma shiru, ki je ki ga malamar tukunna don wani lokacin canjin wajen zama ko raba shi da wani yaro guda ya wadatar. In ba a ga sauyi ba a bari zango ya ƙare a karɓi takardar canji a mayar da shi inda yake da ko da aboki ɗaya ɗan layinku. Amma in shatar duka ce kika gani a jikinsa, ko ya ce wani babba na kai shi wani ɗaki shi kaɗai, wannan ba a jiran ƙarshen zango, gobe ma ba ya komawa, kuma babansa ya je ofis da kansa.